Me Ya Sa NAFDAC Ta Tasa Barasar Leda a Gaba?

A tashoshin mota da dama a Najeriya, ana rataye ledojin barasa a rumfar mai shago tare da omo da biskit. Ƙanana ne, kuɗinsu kuma kaɗan ne. Direba ya yaga da haƙori ya zuƙe kafin ya tada mota. Ɗan makaranta ya cusa a aljihu ba wanda ya lura.

Wannan sauƙin ne ya sa a 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, suka cimma yarjejeniya da masu masana'antu cewa za a daina sarrafa barasa a leda da a kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, aka ba su wa'adin shekara biyar. A Fabrairun 2024 NAFDAC ta fara zartar da haramcin, sai kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca, suna kukan asarar jari da ayyukan yi, aka ɗaga ƙafa.

Kukan nasu ba na banza ba ne, amma akwai asarar da ba ta shiga lissafinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a faɗin duniya a 2019. Ga haɗurran mota, ga ciwon hanta, ga matar da ake duka da dare, ga kuɗin cefanen da ya salwanta. Iyalai da asibitocin gwamnati ne ke ɗaukar wannan nauyin, kuma galibin iyalan talakawa ne, domin don su aka ƙirƙiro ledar.