Harshen Koyarwa a Firamare: An Yanke wa Manufa Hukunci Tun Ba a Gwada Ta Ba

A watan Nuwamban 2025 ne Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya shelanta cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa, kuma Ingilishi ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har zuwa jami'a. Manufar da aka soke ɗin shekara uku kacal ta yi a duniya, domin a Nuwamban 2022 ne Majalisar Zartaswa ta amince da ita a zamanin Malam Adamu Adamu, bisa tanadin cewa harshen uwa ne zai ɗauki yaro shekaru shida na firamare. Hujjar da aka kafa wajen sokewar ita ce yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a shiyyoyin da aka ce sun rungumi harshen uwa. Ba na jin akwai ɗan Arewa da ya ji wannan magana bai tsargu ba.

To amma bari mu yi ɗan lissafi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023, in Allah Ya yi masa tsawon rai kuma bai maimaita aji ba, sai a 2035 zai zauna jarrabawar WAEC. Ke nan babu ko ɗalibi guda cikin waɗanda suka faɗi da manufar 2022 ta taɓa shafa. Idan kuwa tsohuwar manufar ilimi ta 1977 ake nufi, wadda ta ce a koyar da harshen yankin a shekaru uku na farko sannan a koma Ingilishi, wannan ma a takarda ta ƙare rayuwarta. Aikin bincike ya sha kai ni azuzuwan makarantun gwamnati a birni da ƙauye, kuma abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne: malam ya karanto jimla daga littafin Ingilishi, yara su amsa kamar ana biya allo, ya yi bayani da Hausa, ya rubuta a allo da Ingilishi, ranar jarrabawa a yi tambaya da Ingilishi. Yaro ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙar Hausa ba, bai kuma iya karanta ta Ingilishi ba. An yi biyu babu. Kiran wannan hali da sunan koyarwa da harshen uwa zalunci ne ga harshen.

Abin da masana harshe suka daɗe da fahimta shi ne sau ɗaya ɗan Adam yake koyon karatu a rayuwarsa, wato gane cewa baƙi a kan takarda yana wakiltar sauti a baki. Yaro ɗan shekara shida yakan zo makaranta da dubban kalmomi da cikakken nahawun harshensa. Rubutun bokon Hausa kuwa mai sauƙin kai ne, kusan kowane harafi da sautinsa guda. Yaron da ya san b da a, ya haɗa "baba", nan take zai ji kalmar da ya sani, ya yi murmushi. (Gaskiya ne rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo suke da rubutu ɗaya, amma mai harshe daga jimla yake rarrabewa.) Ingilishi kuwa yana da sautuka arba'in da 'yan kai da haruffa 26 kawai, ga shi yaron bai san ma'anar abin da yake furtawa ba. An ɗora masa kaya biyu a tafiya ɗaya.

Jim Cummins ya nuna cewa yaran baƙin haure a Kanada kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin Ingilishinsu ya kai na ɗaukar darasi, alhali harshen na kewaye da su a titi da talabijin. Ina ga yaron Gwaram ko Shinkafi, wanda ba ya jin Ingilishi sai a bakin malamin da shi ma ƙarfin hali yake yi? Saboda haka ni a ganina ko da an aiwatar da tsarin 1977 sau da ƙafa, sauyawa a aji huɗu ya yi wuri.

An taɓa gwada abin yadda ya kamata a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara shirin shekara shida a makarantar St. Stephen's da ke Modakeke, inda aka koyar da lissafi da kimiyya da sauran darussa da Yarbanci, aka bar Ingilishi a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, a wasu darussan ma sun yi musu fintinkau. Sai dai masu kafa hujja da Ife sukan manta da wahalar da aka sha: an rubuta littattafai, an ƙirƙiri kalmomin fannu, an horar da malamai. Wannan kuɗin ne gwamnati ba ta taɓa biya ba, ko a 1977 ko a 2022. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, amma aka shafe shekaru gommai ana kiran irinta da sunan gwaji.

Ba zan ce masu adawa ba su da abin faɗa ba. Harsunan Nijeriya sun haura 500, kuma mu Hausawa mukan yi saurin ɗauka cewa da an ce harshen uwa a Arewa, Hausa ake nufi. Ga ɗan Bajju a Zonkwa ko ɗan Bachama a Numan ko ɗan Tangale a Billiri, Hausa harshen kasuwa ne, kuma akwai iyayen da za su zaɓi Ingilishi sau goma a kan a tilasta wa 'ya'yansu Hausa, bisa dalilan tarihi da bai kamata mu yi kunnen uwar shegu da su ba. Haka nan aji guda a Sabon Garin Kano yana iya tara harsuna goma. Wannan dalili ne na barin kowace jiha da ƙaramar hukuma ta zaɓi abin da ya dace da ita, kamar yadda shirin littattafan karatu na Jihar Ribas, wanda Kay Williamson ta yi wa hidima tun 1970, ya samar wa ƙananan harsuna da dama abin karantawa. Bai zama dalilin hana yaron Kazaure karatu da harshen da duk ajinsu ke ji ba.

Sai kuma mu, masu karanta wannan shafi. Mukan yi jawabi mai daɗi a taron Ranar Hausa, washegari mu biya kuɗin makarantar da ake cin tarar 'ya'yanmu in sun yi Hausa. 'Ya'yan namu za su tsira, domin akwai littafi a gida, akwai mai duba musu aikin gida. Talaka ya ga abin da muke yi, don haka in ya ce shi ma Turanci yake so, ba jahilci ba ne, ya san da wane harshe ake samun aiki. Abin da ba a gaya masa ba shi ne hanyar da ta fi kusa zuwa Turancin ta cikin harshensa ta bi.

Firamare dai a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take. Littattafan "Mu Karanta" da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara, an riga an rubuta su, an kuma horar da malamai a kansu. Ina kira ga kwamishinonin ilimi na waɗannan jihohi da su fito da sakamakon gwajin karatun da aka yi wa yaran, su ajiye a gaban Majalisar Ilimi ta Ƙasa, ita kuma ma'aikatar tarayya ta kawo sunayen makarantun da ta ce sun koyar da harshen uwa har yaransu suka faɗi, a gwada biyun a bainar jama'a.