Tara ko Garƙamewa: Wanne Ke Hana Gobara a Dutsin-Ma da Kurfi?

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 garin ke faɗaɗa, sana'o'in da ke tare da haɗarin wuta su ma suna ƙaruwa. Ɗaliban da ke haya a cikin gari sun fi girki da gas, shi ya sa shagunan ɗura shi suka shigo cikin unguwanni. Gidajen mai sun yawaita a hanyar Katsina da ta ratsa Kurfi, ga 'yan bumburutu da jarkokinsu a bakin titi, ga janareto a bayan rumfuna. Idan jami'i ya tarar da mai shagon gas yana ɗura wa mutane kusa da mai suya, ko gidan mai ba tukunyar kashe gobara ba bokitin yashi, me ya kamata ya yi masa? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, duk laifin da zai iya cin rai a dakatar da lasisin mai shi har sai ya gyara, a bar tara ga laifuffukan takarda irin su jinkirin sabunta lasisi.

Aibin tara shi ne ɗan kasuwa yana iya lissafa ta. Zai auna kuɗin sake wayoyin lantarki ko na ƙaura daga tsakiyar unguwa, ya auna kuɗin tarar, sannan ya duba sau nawa jami'i ke leƙowa a shekara. In tarar ta fi sauƙi sai ya biya, ya sa ta cikin kuɗin gudanar da sana'a kamar haya. A birnin New York na Amurka, gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle ta kashe mutum 146 a 1911, da yawansu saboda an kulle ƙofar fita. Shekara biyu bayan haka aka sake kama ɗaya daga cikin masu masana'antar, Max Blanck, ya kulle ƙofa ma'aikata na ciki, kotu ta ci shi tarar dala 20. A wajenmu akwai ƙarin matsala, domin adadin tara a rubuce yake cikin doka, ita kuwa naira kullum darajarta zaizayewa take. Daga cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin lita ya ninka sau da yawa, tarar da ta yi nauyi a da yanzu ta yi sauƙi. Bayan haka, rasidin tara ba ya toshe bututun da ke yoyo. An biya gwamnati, maƙwabci kuwa yana nan yana kwana kusa da haɗarin da bai ci ribarsa ba.

Dakatar da lasisi tana cin mai sana'a gwargwadon girmansa ba tare da an sake rubuta doka ba: mai famfo takwas ya yi asarar cinikin famfo takwas, mai ƙaramin shago ya yi asarar nasa. Kuma haɗarin yana tsayawa daga ranar da aka sa kwaɗo. Ikon yin haka yana nan, domin dokar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA da ta gaji tsohuwar hukumar DPR, ita ke ba gidajen mai da na gas lasisi, kuma takan garƙame su. Sai dai labaran garƙamewar da aka fi ji na tauye mudu ne da ɓoye mai, alhali tauye mudu aljihu yake ci, yoyon gas kuwa rai. A watan Janairun 2020 fashewar gas a wani shago a Sabon Tasha, Kaduna, ta kashe mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba shi ke sayar da gas ɗin ba. Ko a fiƙihu malamai sun yi saɓani a kan halaccin horo da karɓar dukiya, amma wajabcin kawar da cuta daga jama'a ƙa'ida ce da mazhabobi suka haɗu a kanta.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi, kuma mutanen Dutsin-Ma da Kurfi sun ɗanɗana ta. A 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita gidajen man da za su yi ciniki a wasu ƙananan hukumomi, har da waɗannan biyun. Wanda ya sha wahala shi ne ɗan acaɓa, da mai injin niƙa, da manomin rani. A gari kamar Kurfi, inda gidajen mai ba su da yawa, rufe ɗaya na iya tura jama'a wurin 'yan bumburutu, inda haɗarin ya fi, sai ya zama an gudu ba a tsira ba. Amma waccan rufewar ta kowa da kowa ce, mai laifi da marar laifi, kuma babu gyaran da mai gidan mai zai yi a buɗe masa. Wadda ake magana a nan ta mutum ɗaya ce, a kan aibi ɗaya da aka rubuta masa, mabuɗin kuma yana hannunsa. Sau da yawa ma ba sai an rufe gidan duka ba, famfon da ke yoyo ko tankin da ya lalace kaɗai za a dakatar.

Suka ta biyu ita ce cin hanci, domin jami'in da ke riƙe da kwaɗo ya fi mai littafin rasidi ban tsoro. Haka ne, sai dai ita ma tara a bayan shago ake sasanta ta. Abin da zai rage ɓarnar shi ne a rubuta dalilin rufewa a liƙa a ƙofa kowa ya gani, a ɗaure hukuma da wa'adin 'yan kwanaki na dawowa duba gyara, a kuma ba mai sana'a wurin kai ƙara in an zalunce shi.

Mafi wuya ita ce ta uku: me za a dakatar wa wanda ba shi da lasisi tun asali? Yawancin masu rumfuna a Kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ba ruwansu da NMDPRA, gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris 2021 da ta kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016 kuwa ba a gidan mai suka tashi ba. To amma ɗan kasuwa yana da abin da ya fi masa lasisi daraja, wato rumfarsa, wadda ƙaramar hukuma ke rabawa tana karɓar kuɗinta, sarkin kasuwa da shugabannin layi kuma sun san mai kowace. Wanda ya jona waya barkatai, ko ya ajiye fetur cikin rumfar atamfa, ko ya toshe hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi, ana iya rufe masa rumfa ranar kasuwa ɗaya ko biyu har ya gyara. Wannan ba ya buƙatar jiran Abuja, majalisar ƙaramar hukuma da ƙungiyar 'yan kasuwa za su iya tsara shi tare da hukumar kashe gobara ta jiha, a fara zagayen dubawa a watan Oktoba kafin iskar hunturu ta taso.