Takardar Murabus: Idan Ta Shiga, Tana Fitowa?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ma'aikatan gwamnati da dama kan ajiye aiki, domin kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci takara sai ya bar kujerarsa aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Wani kuma ɓacin rai ne da shugabansa ke sa shi rubuta takardar. Bayan ƙura ta lafa sai nadama ta zo, ya nemi a dawo masa da takardarsa.

A Najeriya wannan ƙofa a ƙuntace take. Tun 1960, a shari'ar Benson da Onitiri, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta tsayar cewa murabus yana tabbata ne da zarar takardar ta isa hannun hukumar da aka rubuta wa, ba sai an amsa ba. Sashe na 306 na kundin tsarin mulki ya faɗi haka game da muƙaman da shi kansa ya kafa. Hukuma ba ta da ikon hana mutum tafiya, shi ma ba shi da ikon tilasta mata ta mayar da shi. Magana zarar bunu ce. In an karɓe shi, alfarma aka yi masa.

Indiya ta fi sassauci. A 1977 wani alƙalin babbar kotun Allahabad ya rubuta cewa zai sauka ranar 1 ga Agusta, sai ya janye a watan Yuli. Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a 1978 janyewar ta halatta, tunda ranar da ya sa ba ta yi ba. A ganina wannan ya fi kusa da adalci, domin babu wanda ya cutu.

Inda ma'aikacinmu yake da ƙarfi shi ne idan tilasta masa aka yi. Wanda aka ce "ka rubuta ko mu kore ka" bai yi murabus da son ransa ba, kuma yana iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Aikin gwamnati doka ce ke kare shi, shi ya sa a 1981 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin mayar da wani ma'aikacin gwamnati mai suna Shitta-Bey kan aikinsa bayan an yi masa ritaya ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai nauyin kawo shaidar tilas ɗin yana wuyan ma'aikacin, kuma irin wannan barazana a baki ake yin ta, a ofis, ƙofa a rufe.