Tiyatar Sankarar Tumbi Ba Tare da Farke Ciki ba

Tun 1881 da Theodor Billroth ya yi nasarar yanke wani sashe na tumbin wata mai fama da sankara a ƙasar Ostiriya, aka shafe sama da shekara ɗari hanya ɗaya ake bi, wato a tsaga ciki tun daga ƙasan ƙirji har cibiya. Sai a 1991 wani likitan fiɗa na Japan, Seigo Kitano, ya yi aikin ta 'yan ƙananan huji.

Bayan an sa majiyyaci barci, ana huda cikinsa wuri kamar biyar, kowane huji bai fi kaurin yatsa ba. Sai a hura iska cikin ya kumbura, a samu sarari. Ta huji ɗaya ake zura siririyar kyamara, sauran kuma dogayen almakashi da hantsaki, likita na kallon allo hannunsa na aiki. A yanke inda cutar take, a kwashe kaluluwar da ke kewaye, don ta nan sankara ke fara yaɗuwa, sannan a haɗa ragowar tumbin da hanji. A ciki dai aikin bai ragu da komai ba, raunin waje ne ya ƙanƙance. Jini kaɗan ke zuba, zafi da sauƙi, mutum kan miƙe da wuri. Manyan gwaje-gwaje a Koriya ta Kudu da Sin sun nuna cewa a hannun ƙwararru, sakamakon bai gaza na tsaga ciki ba. Akwai kuma wata na'ura mai hannaye da ake kira "da Vinci", wadda likita ke sarrafawa daga zaune, sai dai tsadarta ba ta wasa ba ce.

Idan cutar ba ta wuce fatar cikin tumbi ba, ko hujin ma ba a yi. Ta baki ake zura bututu mai kyamara a ɗaye wurin.

Amma fa duk wannan sauƙi na wanda aka gano tasa da wuri ne. Koriya ta Kudu na leƙa tumbin 'yan shekara 40 zuwa sama duk bayan shekara biyu. Mu kuwa sai mutum ya daɗe yana shan maganin olsa daga kemis, yana ramewa, ɗan abinci kaɗan ya cika masa ciki, bayan gidansa ya yi baƙi. Mai irin waɗannan alamu ya je asibiti ya nemi a duba tumbinsa da kyamara.