Famfon Mai na Lantarki a Tsohuwar Mota: Gaba Ake Ɗaura Shi ko Baya?

Tsofaffin motoci masu kabureta, irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, da famfon mai na jikin inji suka fito, wanda kamshaf ke motsa shi. Idan ya gaji, kuma aka rasa na kirki a kasuwa, sai a koma ga na lantarki. Wurin da akasarin makanikai ke ɗaura shi kuwa sananne ne: cikin bonet, dab da kabureta, wani lokaci ma da 'yar waya ake ɗaure shi. Hujjarsu ita ce idan famfo na kusa da kabureta, mai zai fi saurin isa. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ita ce ta fi kowace jawo wa masu irin waɗannan motoci wahala.

Yawancin famfunan lantarki an ƙera su ne don turawa. Suna iya tura mai tsawon mota ba tare da gajiya ba, amma ƙarfin zuƙarsu kaɗan ne. Manomin fadama ya san wannan: a bakin ruwa yake ajiye injin ban ruwansa, ya ja doguwar mesa zuwa gona, ba ya kai injin tsakiyar gona ya ce ya zuƙo daga nesa. A mota lamarin ya fi haka tsanani, domin fetur ba ruwa ba ne. Gauraye ne na sinadarai iri-iri, kuma mafi sauƙinsu suna fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. Zuƙa tana rage matsin da ke cikin tiyo, raguwar matsi kuma tana sa fetur ya tafasa da wuri. To ga doguwar tiyo ana zuƙa ta cikinta tun daga bayan mota, ga famfo a kusa da inji mai zafi, ga rana irin ta watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Man sai ya zama tururi kafin ya iso, famfo ya yi ta bugawa a banza.

Alamar ba ta ɓuya. Mota ta yi tafiya lafiya a kan titi, da an shiga cunkoso ta fara shaƙewa ta mutu. Ko a tsaya sallah, a dawo ta ƙi tashi sai an jira ta huce. Daga nan sai a ce famfon jabu ne, a sayo wani, a ɗaura shi a wuri ɗaya, shi ma ya yi halin na farko. Direbobin da ke jiƙa tsumma su lulluɓe famfo ba camfi suke yi ba, dabarar tana aiki na ɗan lokaci, domin sanyin yana mayar da tururi ya zama mai. Aikin da tsumman ya yi shi ne shaidar cewa zafi ne matsalar, kuma famfon ba a muhallinsa yake ba. Shi kansa famfon yana shan wuya, saboda man da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, ya kuma hana shi ci.

Sai dai masu cewa ko kusa ba a taɓa saka famfon lantarki a gaba su ma sun wuce gona da iri. Motar Morris Minor ta Ingila da famfon SU a cikin bonet ta fito daga kamfani, kuma an ƙera wannan famfon ne musamman don zuƙa, da ƙaramin matsi. Kamfanin na SU yana da wani samfurin na turawa, wanda aka saka wa MGB a baya kusa da tanki. Har yau ana sayar da irin na zuƙa, amma su ne 'yan kaɗan. Idan takardar da ta zo da famfo ba ta faɗi ƙarara cewa na zuƙa ne ba, a ɗauke shi a matsayin na turawa.

Wurinsa shi ne jikin shasi, kusa da tanki, daidai da gindin tankin ko ƙasa da shi kaɗan, yadda mai zai gangaro masa da kansa. Kada ya zama shi ne abu mafi kusa da ƙasa a motar, don hanyoyinmu ba su da tausayi, dutse ɗaya ya isa. A nisanta shi da salansa, a kuma duba inda aksul ke kaiwa idan an yi lodi ko an faɗa rami. A sa masa roba tsakaninsa da ƙarfe don rage ƙara, amma a tuna robar tana iya raba shi da jikin mota, saboda haka wanda ke samun wuta ta jikinsa yana buƙatar wayar ƙasa tasa. Tsakanin tanki da famfo a sa matata mai faɗin ido, domin tankin da ya shekara arba'in ba ya rasa tsatsa. Matata mai ƙananan ido bayan famfo take zama, idan aka sa ta gabansa sai ta ƙara masa nauyin zuƙa. A Volkswagen Beetle tanki ne a gaba, inji a baya, don haka famfonta ƙarƙashin tanki yake zuwa, a gaban motar.

Akwai masu tsoron cewa kusantar da lantarki ga tanki neman gobara ne. Motocin zamani a cikin tankin ma famfonsu yake, tsundum cikin fetur. Tururin fetur yana kamawa ne idan yawansa a iska ya kama daga kusan kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari, na cikin tanki kuwa yakan wuce haka nesa. Haɗarin gaske yana wurin yoyo da tartsatsi a waje, kuma babu inda ya fi bonet tara su. Wanda wannan tsoro ya sa ya ɓoye famfo a cikin but ko ƙarƙashin kujera ya yi mafi muni, domin tururi zai taru a rufaffen wuri tare da fasinjoji.

Zancen cewa babban famfo yana ƙara wa mota gudu shi ma ƙarya ne. Kabureta irin Solex ko Weber matsin da take so bai wuce psi 2 zuwa 4 ba. Famfon motar injekta yana ba da wajen 40. Aka haɗa su, allurar kabureta ba za ta iya rufewa ba, mai ya yi ambaliya a kan inji mai zafi. Haka nan barin tsohon famfo a layi wai don ya taimaka: ranar da robar cikinsa ta yage, na lantarkin zai riƙa ɗura fetur cikin baƙin mai, inji ya lalace ba a sani ba. A cire shi, a toshe gurbinsa da faranti.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗin wuta, don a nan rai yake. Famfon jikin inji yana tsayawa da zarar inji ya mutu. Na lantarki da aka jona kai tsaye ga makulli ba ya tsayawa. Idan aka yi hatsari, tiyo ta tsinke, direba bai samu kashe makulli ba, zai ci gaba da feso fetur har tanki ya ƙare. Maganin ba shi da tsada: fis, da rile, da makunnin da ke yanke wuta idan matsin baƙin mai ya faɗi, ko irin wanda ke tsinkewa idan mota ta bugi wani abu, wanda ake samu a jikin motocin Ford da yawa a wurin masu tsofaffin kaya kamar Panteka ko Ƙofar Ruwa. Kafin ka karɓi motarka daga hannun mai wayarin, ka sa ya nuna maka cewa idan inji ya mutu makulli na buɗe famfon yana yin shiru, ko ya nuna maka inda ya ɗaura makunnin hatsarin.