Ko ka sani? Na'urar da ke gane ƙwayar cuta ta hanyar shirya mata tsere

Ko ka san akwai na'urar da ke faɗin sunan bakteriyar da ta shiga jinin mutum ta hanyar auna gudu? Sunanta MALDI-TOF. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita, yanzu kuwa ta zama 'yar gida a ɗakunan gwaji na manyan asibitocin duniya.

Idan bakteriya ta shiga jini, abin ba ya jira. Ciwon sefsis, wanda hakan kan jawo, ya yi ajalin mutum kusan miliyan 11 a shekarar 2017 kaɗai. Ga shi ƙwayoyin da ke yawo a jinin ba su da yawa, wani lokaci ɗaya tak a mililita guda, dole sai an zuba jinin a kwalba mai ɗauke da abincinsu, an ajiye a ɗumi irin na jiki har su hayayyafa. A da, bayan wannan sai a ƙara kwana ɗaya ko biyu ana gwaje-gwaje kafin a san ko wace ce. Duk tsawon lokacin nan likita lalube yake yi a duhu.

To ga yadda na'urar ke yi. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗauki tsinke, sau da yawa tsinken sakace na katako, ya dangwalo ɗan ɗigon bakteriyar da ta tsiro, ya shafa a ɗaya daga cikin gurabu 96 na wani farantin ƙarfe da bai kai tafin hannu girma ba. Ya ɗiga masa ruwan sinadari, ya jira ya bushe, ya tura cikin na'ura. A ciki akwai bututu da aka zuƙe wa iska ƙaf. Sai a harba hasken leza a kan ɗigon, furotin-furotin ɗin da ke jikin bakteriyar su tashi ɗauke da cajin lantarki, a ingiza su gaba ɗaya da ƙarfi iri ɗaya zuwa ƙarshen bututun. Ka tura baro wanda ba kaya, ka tura wani mai buhunan siminti, da ƙarfi ɗaya: ka san wanda zai riga isa. Haka marasa nauyi ke fara isowa, masu nauyi na biye. Tseren duka ba ya kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa! Daga lokacin isowar kowane ake lissafa nauyinsa, kuma kowane jinsin bakteriya da nasa jerin nauye-nauyen. Kwamfuta ta kwatanta jerin da dubban da ke ajiye a rumbunta, cikin 'yan mintuna suna ya fito.

Abin da ya fi burge ni shi ne asalin dabarar. Leza kan farfasa furotin ne, shi ya sa aka daɗe ana ganin ba zai yiwu ba. A 1985 wani matashin injiniya a kamfanin Shimadzu da ke Kyoto a Japan, Koichi Tanaka, ya yi kuskure ya zuba gilisarin a garin kobalt maimakon asiton. Garin na da tsada, ya ji ba zai iya zubarwa ba, sai ya gwada shi a haka. Ashe wannan haɗin ne ke kare furotin har ya tashi lafiya lau. A 2002 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai yana ɗan shekara 43, ba shi da digirin dokta, karatunsa ma na injiniyan lantarki ne, kuma da tufafin aikin kamfani ya fito gaban 'yan jarida. An yi ta ƙorafi a lokacin, domin hanyar da asibitoci ke amfani da ita yau ta Jamusawa biyu ce, Franz Hillenkamp da Michael Karas, su kuwa ba a ba su kyautar ba. Ni dai ina ganin masu ƙorafin suna da gaskiya.

Na'urar tana da iyakarta. Kuɗinta ya haura dala 100,000, ko da yake gwaji ɗaya araha ne. Takan kasa rarrabe E. coli da Shigella saboda tsananin kama, kuma za ta ce maka Salmonella ce ba tare da ta tabbatar ko mai jawo taifot ce ba. Ba ta kuma faɗin wane magani zai kashe ƙwayar, wannan gwaji ne daban.

Kuma duk iyawarta sai ƙwayar ta tsiro a kwalba tukuna. Wanda ya fara shan kafso daga kemis kafin a ɗebi jininsa na iya hana ta tsirowa, sakamako ya fito ba komai alhali cutar na nan. Idan an kai naka asibiti da zazzaɓi mai zafi, ka faɗa wa likita duk maganin da ya riga ya sha, da ranar da ya fara.