Kafin Mai Makaranta Ya Ce Gwamnati Ta Shigo

Yawancin ƙananan makarantun kuɗi da ke lungunan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi tasowarsu iri ɗaya ce. Wani malami ya fara Islamiyya a zauren gidansa, iyaye suka nemi a ƙara wa yara lissafi da Turanci, wani bawan Allah ya ba da fili, aka gina aji uku, daga baya suka zama shida. Kuɗin zango kuwa daga aljihun manomi da ɗan tireda yake fitowa. Yau manomi ba ya iya zuwa gonarsa ta nesa saboda ’yan bindiga, kasuwar Alhamis ta Shinkafi ba kamar da take ba, ga ’ya’yan ’yan gudun hijira sun cika gari babu mai biya musu. Shi ya sa za ka ji mai makaranta yana cewa, "Da gwamnati za ta karɓe ta, ai da na huta."

Karɓewa dai mun taɓa ganinta a ƙasar nan. Bayan yaƙin basasa, jihohi suka bi makarantun mishan da na ƙungiyoyi suka ƙwace, gwamnatin soja kuma ta tabbatar da hakan da doka a 1977. A Kaduna, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Ba makarantun Kirista kaɗai abin ya shafa ba, domin Kwalejin Sheikh Sabah ita ce ta zama Sardauna Memorial. Masu su sun rasa gini da suna da iko baki ɗaya. Da aka ga yadda da yawansu suka lalace, sai aka fara mayarwa: Legas a 2001, Anambra kuma a 2011 zamanin Peter Obi, inda gwamnati ta ci gaba da biyan albashi amma ta bar wa masu makarantun ragamar gudanarwa.

Wannan tsari na biyu shi ya fi kama da abin da Amurkawa ke kira makarantun cata, wato na yarjejeniya. Jihar Minnesota ce ta fara yi musu doka a 1991. Gwamnati na biyan kuɗi bisa adadin ɗalibai, wata ƙungiya mai zaman kanta kuma ita ke ɗaukar malamai da tsara karatu. Komai a rubuce yake, da wa'adi, galibi shekara biyar, kuma idan yara ba su koyi abin da aka yi alkawari ba, hukuma na iya rufe makarantar. Sharuɗɗan ba wasa ba ne. Ba a karɓar kuɗin makaranta, ba a zaɓen ɗalibi, idan masu nema sun fi kujeru yawa sai a yi ƙuri'a. Ba a kuma yarda makarantar ta zama ta addini ba. Ko a 2025, da wata makarantar Katolika a Oklahoma ta kai maganar Kotun Ƙoli, alƙalai sun rabu huɗu da huɗu, haramcin ya tsaya yadda yake. Jihohi irin su Kalifoniya ma sun hana makarantar kuɗi ta sauya kai tsaye zuwa wannan matsayi, don kada a ɗauki kuɗin talakawa a biya wa ’ya’yan masu hali abin da da ma suna biya. A Ingila an fi sassauci: Liverpool College, tsohuwar makarantar kuɗi, ta daina karɓar kuɗi a 2013 ta koma cin asusun gwamnati.

A Najeriya babu doka mai wannan fasali. Abin da muke da shi shi ne dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ita kuma ta raba wa hukumomin jihohi. Ta wannan ƙofa ce ake shigar da wasu makarantun Islamiyya da na allo cikin tsarin gwamnati, a turo musu malaman boko, a ba da littattafai, wani lokaci a gina aji.

To, a nan gizo ke saƙar. Malamin da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya turo maka ba ma'aikacinka ba ne. Idan ya yi latti ba ka da ikon yanke masa albashi, idan ya daina zuwa sai dai ka rubuta takardar ƙorafi, idan kuma ya zamo gwani ne ana iya wayar gari a yi masa canjin wurin aiki. Ga shi kuwa ƙarfin ƙaramar makarantar kuɗi gaba ɗaya ba a gini yake ba, yana cikin cewa mai ita yana tsaye a bakin ƙofa da safe, kuma malami ya san wanda zai amsa wa tambaya. Tsarin Amurka, duk da tsauraran sharuɗɗansa, ya bar wa makaranta wannan iko. Namu kuwa shi yake fara ɗaukewa. A ganina wannan bambanci ya fi maganar kuɗi nauyi nesa ba kusa ba.

Sai kuma tsofaffin malamanka. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a hukumance ita ce NCE. Alaramman da ya yi shekaru yana yi wa yara hadda, wanda saboda shi iyaye suka kawo ’ya’yansu, ƙila ba shi da ita. Ba zai shiga takardar albashin gwamnati ba, kai kuma an hana ka karɓar kuɗin da kake biyansa da shi. Ƙarshenta sai a koma ga karo-karon ƙungiyar iyaye da malamai, wanda wani zai biya, wani ya ce ai an ce kyauta ne. A Zamfara babu mai hana ka koyar da addini, amma jadawalin manhajar gwamnati zai ci sa'o'in da hadda ke ci a da.

Alherin fa akwai shi, kada a raina. Maraya da ɗan gudun hijira za su samu kujera, yaro zai rubuta jarrabawar gwamnati ba tare da an kai sunansa wata makaranta ba, albashi kuma ya sauka daga wuyan mutum ɗaya. Sai dai ajin da ke da yara talatin zai iya ninkawa cikin zango guda, tunda ba ka da hurumin cewa an cika.

Gwamnan Zamfara Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, don haka ba abin mamaki ba ne jami'ai su riƙa zuwa da tayin haɗin gwiwa. Duk wanda aka zo wa, ya nemi a rubuta: wa ke naɗa hedimasta, wa ke da ikon mayar da malamin da bai yi ba, yara nawa aji zai ɗauka, shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, yaya kuma za a rabu idan an gaji da juna. Maganar fili ta fi komai saurin jawo shari'a. Idan wakafi ne, a tara magadan wanda ya bayar da filin, da hakimi da limami, su sa hannu tun kafin gwamnati ta aza bulo ko ɗaya, domin ajin da aka gina da kuɗin hukuma a kan filin da ba shi da takarda, gobe hukuma za ta ce nata ne har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa.